Yadda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko da dalilin da ya sa ya faɗa kan Japan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tarihi ne daga Zariya. Kakana yana cikin sojojin da Turawan Ingila suka kai yaƙin Bama, kuma mun taso muna ji a gida cewa bam ɗin da Amurka ta jefa wa Japan ne ya sa aka dawo da su. Ina roƙon a yi mini bayanin yadda aka ƙera wannan makami, da dalilin da ya sa aka jefa shi a Japan alhali na karanta cewa tsoron Jamus ne ya sa aka fara aikin, sannan ko gaskiya ne shi kaɗai ya kawo ƙarshen yaƙin.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka uku ne, amma a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin aikin da aka fara saboda tsoron Hitler ya ci dukiya da ma'aikata har ya kai matsayin da gushewar wannan tsoron bai isa ya tsayar da shi ba. Idan ka fahimci yadda aka gina shi, ba za ka yi mamakin inda ya faɗa ba.

A watan Disambar 1938, a birnin Berlin, masana ilimin sinadarai biyu, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suna harba wa yuraniyom wasu ƙananan ƙwayoyi marasa cajin lantarki da ake kira niyutiron, sai suka tarar da sinadarin bariyom a cikin abin da ya rage, alhali nauyin ƙwayarsa bai fi ɗan sama da rabin na yuraniyom ba. Hahn ya rubuta wa tsohuwar abokiyar aikinsa Lise Meitner, wadda ta tsere zuwa Suwidin a wannan shekarar saboda asalinta na Yahudawa, ita kuma tare da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka gano abin da ya faru: cibiyar ƙwayar zarrar yuraniyom ce ta tsage gida biyu, ta saki makamashi mai yawan gaske. Ba a daɗe ba aka tabbatar cewa kowace tsagewa tana sakin sababbin niyutiron biyu ko uku, waɗanda za su iya tsaga wasu ƙwayoyin, su ma su tsaga wasu, a yi ta ruɓanyawa cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan da za a tsaga duk ƙwayoyin da ke cikin kilo ɗaya na irin yuraniyom ɗin da ya dace, ƙarfin da zai fito ya haura na nakiyar TNT tan 17,000. An buga wannan ilimi a mujallun kimiyya tun farkon 1939, don haka masanan Jamus da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet da Japan duk sun san shi kafin a harba harsashin farko na Yaƙin Duniya na Biyu.

Waɗanda suka fi tsorata su ne masanan da suka gudo daga Turai, domin sun san Hitler, sun kuma san ƙwarewar abokan aikinsu da suka rage a Jamus. Leo Szilard, ɗan ƙasar Hangari, shi ne ya tsara wasiƙar da Albert Einstein ya sa wa hannu ranar 2 ga Agustan 1939 zuwa ga Shugaba Franklin Roosevelt. Mutane da yawa suna ɗauka Einstein ne ya ƙera bam ɗin, alhali bayan irin wannan faɗakarwa bai taɓa aiki a shirin ba, hasali ma rundunar sojan Amurka ba ta amince da shi a harkar sirri ba. Wasiƙar ma ba ta motsa gwamnati sosai ba, tunda kuɗin farko da aka ware dala 6,000 ne kacal. Waɗanda suka farkar da Amurka su ne masanan Birtaniya. A watan Maris na 1940, a jami'ar Birmingham, Frisch da Rudolf Peierls suka yi lissafin da ya nuna cewa idan aka tace nau'in yuraniyom mai lamba 235, abin da ake bukata bai kai tan-tan da ake zato ba, jirgin sama ma zai iya ɗaukarsa. Rahoton da kwamitin masanan Birtaniya mai suna MAUD ya fitar a Yulin 1941 ya ƙarfafa wannan lissafi, sai kuma harin da Japan ta kai sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disambar 1941 ya jefa Amurka cikin yaƙin gaba ɗaya. A 1942 aka miƙa aikin ga injiniyoyin soja da sunan Shirin Manhattan, aka naɗa Janar Leslie Groves, wanda ya kula da ginin Pentagon, hedikwatar sojan Amurka, ya shugabance shi, shi kuma ya zaɓi Robert Oppenheimer ya jagoranci ɗakin binciken Los Alamos a jihar New Mexico.

Labarai sun fi son Los Alamos saboda a can manyan ƙwaƙwale suka taru, amma wahalar gaske tana wajen samun abin da za a ɗura wa bam ɗin. A cikin yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, nau'in 235 bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, sauran kusan duka nau'in 238 ne, wanda ba ya ɗaukar irin wannan ruɓanyawa. Babu wani sinadari da za a zuba ya raba su, domin a ilimin sinadarai abu ɗaya ne, bambancinsu kawai ɗan nauyin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Kamar a ba ka buhun gero ne a ce ka tsince ƙwaya 7 daga kowace 1,000, alhali launinsu da girmansu ɗaya da sauran, sai dai sun ɗan fi sauƙi. Da yake babu wanda ya san hanyar da za ta yi aiki, Groves ya ba da umarnin a gina hanyoyi da dama lokaci guda a Oak Ridge da ke jihar Tennessee: wata masana'antar tana rabawa da manyan maganaɗisu, wata tana tura yuraniyom ɗin da aka mayar iska ta cikin dubban matatai masu ƙananan ƙofofi, wata kuma tana amfani da zafi. Tagulla ta yi ƙaranci saboda yaƙi, don haka aka ari azurfa kimanin tan 14,700 daga baitulmalin Amurka aka naɗa wayoyin maganaɗisun da ita. Garin da babu shi a taswira ya tara mutane kusan 75,000, kuma 'yan matan da ke zaune gaban na'urorin suna murɗa maɓallai ba su san abin da suke tacewa ba sai bayan an jefa bam ɗin.

Hanya ta biyu ita ce fulutoniyom, sinadarin da Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka gano a Berkeley a farkon 1941, wanda ake samu idan nau'in 238 ya haɗiye niyutiron a cikin tukunyar nukiliya. Enrico Fermi ya kunna tukunya ta farko a duniya ranar 2 ga Disambar 1942 a ƙarƙashin kujerun wani filin wasa na jami'ar Chicago, daga nan aka gina manya a Hanford, a bakin kogin Columbia, saboda ruwan sanyaya su. A ƙololuwar aikin ma'aikata sun kai kusan 130,000, kuɗin da aka kashe ya kusa dala biliyan 2 na wancan zamanin, kuma mafi yawansa a waɗannan masana'antu ya tafi.

A nan Afirka ta shigo labarin, kuma abin takaici ne yadda littattafan makaranta ke tsallake wurin. Mahaƙar Shinkolobwe da ke lardin Katanga, a Kwango ta mulkin Beljiyam, tana da dutsen da yuraniyom ɗinsa ya kai kashi 65 cikin ɗari a wasu sassa, yayin da na jihar Colorado bai kai kashi 1 ba. Shugaban kamfanin Union Minière, Edgar Sengier, ya ji tsoron kada hajar ta faɗa hannun Jamus, sai ya sa aka yi jigilar kimanin tan 1,200 zuwa New York a ƙarshen 1940, aka ajiye a wani sito a tsibirin Staten. Lokacin da jami'in soja Kenneth Nichols ya je nemansa a Satumbar 1942 yana tambayar yadda za a samo yuraniyom daga Kwango, sai ya tarar kayan sun kusa shekara biyu suna jira a gefen birnin. Kaso mafi girma na yuraniyom ɗin Shirin Manhattan daga wannan rami ya fito, kuma 'yan Kwangon da suka haƙa shi, suka tsince shi da hannu a ƙarƙashin mulkin mallaka, babu wanda ya faɗa musu haɗarin da ke cikinsa.

Bama-baman da aka ƙera iri biyu ne. Na yuraniyom, wanda suka raɗa wa suna Little Boy, bindiga ce a zahiri: ana harba wani yanki na yuraniyom ya haɗu da wani a cikin bututu, jimillarsu ta wuce adadin da ruɓanyawa ke kamawa. Tsarin ya yi sauƙi har ba a ga bukatar gwada shi ba, ga shi kuma yuraniyom ɗin da aka tace, kimanin kilo 64, na bam ɗaya ne kawai. Fulutoniyom ne ya kusa wargaza shirin, domin a 1944 Emilio Segrè ya gano cewa wanda ke fitowa daga tukunya yana ɗauke da wani nau'i mai tsagewa da kansa, wanda zai sa bam ɗin ya tarwatse tun yankunan ba su gama haɗuwa ba. Oppenheimer ya sake tsara Los Alamos kacokan a kan wata dabara mai wuya, wato a kewaye dunƙulen fulutoniyom mai nauyin kilo 6 da ɗoriya da nakiyoyin da aka sassaƙa, su tashi a lokaci guda su matse shi daga kowace kusurwa. Wannan kam sai da gwaji, kuma an yi shi da asubahin 16 ga Yulin 1945 a hamadar da ke kusa da Alamogordo, inda ƙarfinsa ya haura tan 20,000 na TNT.

Sai batun Jamus. Amsa mafi sauƙi ita ce Jamus ta miƙa wuya ranar 8 ga Mayun 1945, wata biyu kafin gwajin, don haka babu bam ɗin da za a jefa mata. Amma takardun lokacin sun nuna cewa hankali ya karkata ga Japan tun kafin nan. A Mayun 1943 kwamitin soja mai kula da shirin ya tattauna yiwuwar jefa shi kan jiragen ruwan Japan da ke tsibirin Truk, kuma a Satumbar 1944 Roosevelt da Winston Churchill sun rattaba hannu kan wata takarda da ta ambaci yiwuwar amfani da shi kan Japanawa. A ƙarshen 1944 tawagar leƙen asirin Amurka mai suna Alsos ta kama takardun masanan Jamus a Strasbourg, ta tabbatar cewa shirin nukiliyar Jamus na su Werner Heisenberg ko tukunya mai aiki bai samu ba. Dalilin farko ya faɗi ke nan, amma a cikin masanan Los Alamos mutum ɗaya ne, Joseph Rotblat ɗan ƙasar Poland, ya ajiye aikin saboda haka. Sauran sun ci gaba, har ma an ƙara sauri.

Dole ne a sanya yanayin 1945 a ma'auni, in ba haka ba za a yi wa tarihin rashin adalci. Japan ta kashe miliyoyin mutane a Sin da sauran ƙasashen da ta mamaye, sojojinta kuma ba sa miƙa wuya. Yaƙin tsibirin Okinawa kaɗai, daga Afrilu zuwa Yuni, ya ci sojojin Amurka sama da 12,000, kuma an tsayar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranar fara mamaye tsibirin Kyushu. Sannan ƙona birane ya riga ya zama aikin yau da kullum, tunda a daren 9 zuwa 10 ga Maris jiragen B-29 suka cinna wa Tokyo wutar da ta kashe mutane kusan 100,000. Shingen da zai hana kashe farar hula da yawa a dare ɗaya ya riga ya rushe kafin nukiliya ta iso. Harry Truman, wanda ya gaji Roosevelt ranar 12 ga Afrilu, bai san cikakken labarin shirin ba sai da ya hau mulki, ya tarar da kwamitoci suna tattauna inda za a jefa da yadda za a jefa. An samu masu ja: rahoton da James Franck ya jagoranta a Yuni ya nemi a fara nuna ƙarfin makamin a wani wuri da babu mutane, Szilard kuma ya tara sa hannun masana 70 a kan takardar koke, amma kwamitin da Sakataren Yaƙi Henry Stimson ke shugabanta ya riga ya ba da shawarar a jefa ba tare da gargaɗi ba. An zaɓi biranen da ba a riga an ƙona ba domin a ga iyakar ɓarnar, kuma Stimson da kansa ya cire Kyoto daga jerin saboda matsayinta na tsohuwar fadar ƙasar, aka sa Nagasaki.

Ranar 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe, jirgin Enola Gay da Kanar Paul Tibbets ke tuƙawa daga tsibirin Tinian ya saki Little Boy a kan Hiroshima, ya fashe a sama da tazarar kimanin mita 600 daga ƙasa. Abin da ya tsage a cikin kilo 64 ɗin bai kai kilo ɗaya ba, amma ƙarfinsa ya kai kusan tan 15,000. Birnin yana da hedikwatar soja da tashar jiragen ruwa, sai dai tsakiyarsa aka auna, kuma a wannan safiyar dubban ɗaliban sakandare suna waje suna rusa gidaje don buɗe hanyoyin tare gobara. Hukumar birnin ta ƙiyasta cewa mutane kusan 140,000 sun mutu kafin ƙarshen shekarar, cikinsu har da 'yan Koriya masu yawa da aka kawo aikin tilas. Bayan kwana uku jirgin Bockscar ya nufi Kokura da bam ɗin fulutoniyom mai suna Fat Man, ya kewaya sau uku bai ga wurin da zai auna ba saboda hayaƙi da gajimare, sai ya juya Nagasaki da ƙarancin mai, ya saki da ƙarfe 11:02 a kan kwarin Urakami, unguwar da Kiristocin birnin da babbar majami'arsu suke. Tsaunuka sun tare wani ɓangaren birnin, duk da haka mamatan sun kai kusan 70,000 zuwa ƙarshen shekara. Umarni ɗaya na 25 ga Yuli ne ya ba soja izinin jefa bama-baman da zarar sun samu, babu wani zama na musamman da aka yi kan Nagasaki, kuma sai ranar 10 ga Agusta Truman ya ce kada a sake jefa wani sai da izininsa. Bayan makonni waɗanda ko ƙuna ba su samu ba suka fara zubar da gashi, suna zubar jini, suna mutuwa saboda gubar nukiliya, bayan shekaru kuma sankarar jini ta yawaita a tsakanin waɗanda suka tsira.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce masana tarihi suka fi saɓani a kai. Tsakanin bama-baman biyu, ranar 8 ga Agusta, Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi kan Japan kamar yadda shugabanta Stalin ya yi wa Amurka da Birtaniya alkawari a taron Yalta, kashegari dakarunta suka kutsa Manchuriya. Wannan ya girgiza shugabannin Tokyo ƙwarai, domin ta hannun Mosko suke fatan samun sulhu mai sassauci, abin da Amurka ta sani tunda tana karanta saƙonninsu na sirri. Duk da bam biyu da shigowar Sobiyet, majalisar ƙoli ta mutum shida ta rabu uku da uku, sai da Sarki Hirohito ya sa baki da kansa, da sharaɗin a bar gadon sarauta, kuma a daren 14 ga wata wasu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki don hana miƙa wuyan. A jawabinsa na rediyo ranar 15 ga Agusta ya ambaci sabon bam ɗin, a saƙonsa ga sojoji bayan kwana biyu kuma shigowar Sobiyet ya ambata. Binciken da gwamnatin Amurka ta fitar a 1946 ya ce Japan za ta miƙa wuya kafin ƙarshen 1945 ko da babu bam, manyan hafsoshi irin su Dwight Eisenhower da William Leahy ma daga baya sun ce bai zama dole ba, yayin da Stimson ya kare matakin a 1947 da cewa mamayar za ta jawo wa Amurka asarar sama da mutum miliyan ɗaya tsakanin matattu da masu rauni.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne cewa duka biyun suka haɗu a mako guda, a kan ƙasar da takunkumin teku ya riga ya jefa cikin yunwa, kuma bam ɗin ya ba sarki da masu son sulhu hujjar da za su rufe bakin hafsoshi ba tare da an ce sojan Japan ya gaza ba. Wanda ya ce shi kaɗai ne ya wuce gona da iri, wanda ya ce bai yi tasiri ba shi ma haka. Wurin da na fi ganin laifin Amurka shi ne ƙin gwada hanyoyin da ke gabanta, kamar fayyace makomar sarki a sanarwar Potsdam ta 26 ga Yuli, wadda ta nemi Japan ta miƙa wuya, abin da daga baya ta amince da shi a aikace, ko jinkirta Nagasaki har a ga tasirin Hiroshima da na Sobiyet.

Game da kakanka, maganar gidanku tana da tushe. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewa suke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙinsu a yankin Arakan da kwarin Kaladan, kuma an ƙwato Rangun, babban birnin Bama a lokacin, tun farkon Mayu, amma Malaya da Singafo suna hannun Japan, Birtaniya kuma tana shirin kai musu farmaki a Satumba. Miƙa wuyan da aka sa wa hannu ranar 2 ga Satumba a kan jirgin Missouri ya soke wannan yaƙin, ko da yake da yawa daga sojojinmu sai a 1946 suka ga gida saboda jiran jiragen ruwa.

Groves ya ɗauka Sobiyet za ta shafe shekaru kusan 20 kafin ta kamo Amurka, domin yana ganin ya mallake yuraniyom mai kyau na duniya. Amma Klaus Fuchs da Theodore Hall sun riga sun miƙa wa Mosko bayanan Los Alamos, Stalin kuma ya zuba ƙarfin ƙasarsa a masana'antun, ya yi gwajinsa ranar 29 ga Agustan 1949. Birtaniya ta biyo a 1952, Faransa kuma ta tayar da nata ranar 13 ga Fabrairun 1960 a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, arewa da mu, lamarin da ya tayar da hankalin Afirka ta Yamma saboda tsoron ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa. Bayan gwaji na uku a Disambar wannan shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa shiga Najeriya.